Farin kabejina ya ƙi yin kai: iri ne, taki ne, ko Kano ce ba ta karɓe shi ba?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambayata za ta ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri. Bara na shuka farin kabeji (wato cauliflower) a bayan ɗakin girkina nan Ɗorayi, tushe 12. Na yafa irin a tsakiyar Disamba da sanyi ya kankama, na yi dashe wajen ƙarshen Janairu. Ganye kam ma sha Allah, fankam-fankam kamar faifai, har maƙwabciyata ke leƙowa kallo. Amma kai fa? Huɗu ne kaɗai suka yi, shi ma ɗan mitsitsi kamar ƙwan kaza, rawaya-rawaya, a wargaje kamar an watsa tsaki. Sauran ganye zalla har Afrilu, ƙarshenta awakin unguwa ne suka ci moriyar wahalata. Ga shi muna ƙarshen Satumba, ina so in sake gwadawa. Ina na kuskure?

Ɗan Yankaba: Wa alaikumus salam Hajiya. Gaskiya ɗaci gare ta. Shekarata goma sha ina sauke kayan gwari, farin kabejin da na taɓa sayarwa duk daga Jos yake zuwa. Abin nan na ƙasar sanyi ne. Ki shuka alayyafo da latas ki huta, in kina sha'awarsa ki zo kasuwa.

Musbahu Kurna: Kai Alhaji, ai ka nuna inda ka dosa 😂 Mu daina shukawa mu zo mu saya a wajenka.

Ɗan Yankaba: Wallahi ba don ciniki ba ne. Nawa ma ake sayensa? Masu otal ne da 'yan ƙasashen waje, sai masu ciwon sukari da ke gurza shi su ci a madadin shinkafa. Ruwan da za ta zuba masa na wata uku nake tausaya wa, a garin da ake sayen jarka a hannun 'yan garuwa.

Hajiya Turai: Ni dai ina ganin taki ne ya yi miki yawa. Duk abin da ya cika ganye ya ƙi 'ya'ya, yuriya ce. Haka tumatirina ya yi min.

Maman Ilham: Hajiya ban sa yuriya ba sai sau ɗaya, ita ma ɗan cokali. Kashin tumaki ne kawai na zuba tun farko.

Malama Hauwa: Maman Ilham, amsar tana cikin tambayarki, a wajen watannin da kika lissafa. Mu ƙirga tare. Daga yafa iri zuwa dashe sati huɗu zuwa biyar ne. Daga dashe zuwa yanka, yawancin irin da ake samu a nan suna cin kwana 60 zuwa 80. Ke kin dasa ƙarshen Janairu, kenan lokacin da zai haɗa kai ya faɗo ƙarshen Maris zuwa Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kaiwa 38 zuwa 40 a ma'auni. Shi kuwa kan farin kabeji yana son tsakanin 15 da 20, in ya haura 25 sosai sai ya fara rikicewa: ko ya ƙi fitowa sam, ko ya fito a wargaje, da gashi-gashi, da ƙananan ganye suna ɓullowa ta tsakiyarsa. Abin da kika gani kenan.

Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne a jira sanyi ya zo sannan a shuka. Ba tsiron ne ke buƙatar sanyin ba, kan ne. Tsiro yana iya jure ɗumi in akwai ruwa da 'yar inuwa. Saboda haka baya ake ƙirgawa: ana so kai ya fito tsakanin ƙarshen Disamba da Janairu, a tsakiyar hunturu, lokacin da dare ke sauka wajen 13 zuwa 15. To sai a yafa iri a farkon Oktoba, a dasa farkon Nuwamba zuwa tsakiyarsa.

Alhaji na Yankaba bai yi ƙarya ba game da Jos. Tudun Jos ya haura mita 1,200, mu nan Kano ba mu kai 500 ba, shi ya sa su suke da sanyin da zai ishe shi wata da watanni. Mu kuwa 'yar taga ce ta kamar sati takwas zuwa goma. Wanda ya dace da ita ya ci, wanda ya makara ya noma wa awaki.

Maman Ilham: Innalillahi. Wato ni da nake ganin na yi dabara na jira sanyi, ashe makara na yi.

Hajiya Turai: To Malama ni ban yarda a ce yawan taki ba ya sa haka ba.

Malama Hauwa: Yana sawa Hajiya, ban musa ba. In aka ɗirka masa yuriya yana gab da yin kai, sai ya lalace a ganye, kan ya yi sako-sako. Amma da cokali ɗaya ba za a kai nan ba. Hasali ma farin kabeji mayunwaci ne, ya fi saurin lalacewa da ƙarancin abinci fiye da yawansa. Wannan ɗan kan mai kamar ƙwai, yawanci alama ce ta tsiron da ya wahala: ya tsufa a wurin reno, ko ƙishi ya kama shi, ko yunwa. Nata ya yi sati shida da ɗoriya kafin ta dasa, ya riga ya tsufa.

Baba Mai Lambu: Salamu alaikum. Ɗansa ne ke rubutawa, Baba ne ke faɗa. Ya ce a gaya wa 'yarsa ta Ɗorayi kada ta karaya, ya noma farin kabeji a Kwakwaci tun ana kai wa Kwarori da Indiyawa gida, kuma ya yi kai kamar ƙwarya. Ya ce maganar Malama haka take, amma akwai inda zai ja da ita. Farkon Oktoba a Kano rana na dukan ƙasa kamar bazara, damina ta ɗauke, ƙwari sun yi yawa, ga fara. Wanda ya yafa iri a fili a lokacin, rabi ba zai tashi ba. Shi sai bayan tsakiyar Oktoba yake yafawa, in ya ji iskar asuba ta fara sauyawa. Ya ce shi bai san ma'aunin zafi ba, leɓensa ne ma'auninsa, in ya fara bushewa lokaci ya yi.

Musbahu Kurna: Baba ya gama magana 😂 leɓe ya fi kalanda.

Malama Hauwa: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ban ƙi ba, a fili haka ne. Amma ita a gida take, tsiro 20 take nema ba fangali ɗari ba. Tana iya renonsu a tsohon faranti ko kofunan roba a ƙarƙashin rumfa, su sha hantsi su tsere wa ranar azahar. Tsorona da jinkiri shi ne wata shekarar sanyin ba ya daɗewa, tsakiyar Fabrairu sai ka ji zafi ya dawo. Wanda ya yafa ƙarshen Oktoba da iri mai kwana 80, a bakin gaɓa yake.

Baba Mai Lambu: Baba ya ce to a raba gardama. Ta yafa rabi yanzu farkon wata, rabi bayan sati biyu. Ko banza ai ba a son su nuna rana ɗaya, don farin kabeji ba ya jira, in ya isa yanka ya isa. Gida ɗaya ina za su kai kai 12 a sati guda? Ya ce kuma ta sani, tushe ɗaya kai ɗaya ne, in an yanke shi kenan, ba kamar alayyafo ba ne da zai sake tohowa.

Maman Ilham: Na gode Baba, Allah ya ja kwana. Hakan zan yi. To irin fa? Na bara a ƙulle a leda na saye shi, ba suna ba komai, mai shagon ya ce min mai kyau ne.

Anti Ladi: A nan ma kin yi sake 'yar uwa. Ni a Jos na tashi, mahaifiyata sana'arta kenan. Irin gidan kabeji duk kamarsu ɗaya, ƙananan ƙwayoyi baƙi-baƙi. In aka ƙulla miki a leda ba ki san ko kabeji ne, ko farin kabeji, ko wanda ya shekara uku a rana ba. Ki sayi na cikin fakiti ko gwangwani a rufe, ki duba ranar lalacewa, ki duba kwana nawa yake yi. Wanda aka fi sani shi ne Snowball, yana yi in an dace da sanyi. Amma don Kano gara ki tambayi irin da aka rubuta yana jure zafi, mai saurin nuna, irin waɗanda aka fitar don ƙasashe masu ɗumi kamar Indiya. Kansu bai kai na Jos girma ba, amma ba su cika ba da kunya ba.

Musbahu Kurna: Anti in na bar ɗaya ya yi fure zan iya ɗiban iri in ajiye?

Anti Ladi: In ka ga an rubuta F1 a jikin fakitin kada ka wahalar da kanka. Irin aure ne, 'ya'yansa ba sa gado shi, kowanne da kamar da zai fito. Kuma kafin ya yi fure ya ƙosa zafi ya riske shi.

Sabon Shiga: Ina da iri kala-kala da taki na ruwa mai sa kai ya ninka uku, a tuntuɓe ni ta akwati.

Shugabar Zaure: Malam ba a talla a nan sai ranar Juma'a, doka ce. Na goge hoton. A ci gaba.

Musbahu Kurna: Bari in faɗi nawa, tunda mu 'yan gidan haya ba mu da ƙasa sai siminti. A buhu na yi bara, guda takwas, shida sun yi kai. Buhun siminti na wanke tas, na naɗe bakinsa, na huda gindin wuri biyar ko shida don ruwa ya tsiyaye. Ƙasa kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, sai 'yar ƙaiƙayin shinkafa don kada ta dunƙule. Zurfin ya kai kamu ɗaya, wato kamar santimita 40. Buhu ɗaya tushe ɗaya, kada kwaɗayi ya sa a cusa biyu. Abin da na gano da kaina: daɓen siminti yana gasa jijiya da rana, sai na ɗora buhunan a kan katako. Na jera su gefen katangar yamma, suna samun rana daga safe har bayan azahar, daga nan inuwar katanga ta rufe su.

Biyun da suka ƙi kuwa, ganye suka yi ta yi masu kauri, tsakiyar ba komai, kamar an ƙwaƙule.

Malama Hauwa: An ƙwaƙule ɗin ne. Akwai wata 'yar tsutsa da ke shiga tsiron tsakiya tun yana ƙarami, ta yi saƙa kamar yanar gizo ta cinye shi. Daga nan ne kai ke fitowa, in ya mutu tushen ya makance, ko shekara zai yi ba zai yi kai ba. Duk wanda aka gani haka a tuge shi, asarar ruwa ne. Shi ya sa ake yafa iri fiye da buƙata, a samu na maye gurbi. Maman Ilham, ba mamaki wasu daga cikin takwas ɗinki ma hakan ta same su.

Hajiya Turai: Ni tsutsar nan ce ta sa na bar duk dangin kabeji. Korayen nan ƙanana da ke ɓuya a bayan ganye, in ka taɓa su sai su zillo su rataya da zare. Na yi feshi har sau huɗu, kamar ina ba su kunu.

Malama Hauwa: 'Ya'yan wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ne mai ruwan toka, da yamma yake yawo. An san shi duk duniya da saurin sabawa da maganin feshi, shi ya sa manoma ke ta ƙara ƙarfin magani a banza. A gida ba sai an kai ga haka ba. Tsohon gidan sauro ya fi kowane magani: a kafa 'yan sanduna a lulluɓe tun daga wurin reno, a danne gefen da dutse. In uwar ba ta samu wurin yin ƙwai ba, ina tsutsa za ta fito? Farin kabeji ba ya buƙatar ƙudan zuma kafin ya yi kai, don haka ko a rufe ya ƙare rayuwarsa ba komai.

Baba Mai Lambu: Baba ya ce gidan sauron yana maganin ƙadangaru ma, don da rani in sun rasa ɗanye su ne ke fara aske dashe. Ya ce in darɓa ta kama, waɗannan masu taruwa a bayan ganye kamar toka, a daka busassun 'ya'yan darbejiya a jiƙa su kwana, a tace da ƙyalle, a ɗan kaɗa sabulu kaɗan a ciki, a fesa da yamma har bayan ganyen, duk sati. Amma da kai ya fito a daina fesa masa, ɗacin yana kamawa. Sauran aikin na hannu ne, tushe goma ai kullum da safe sai a bi a ɗaga ganye a tsince.

Maman Ilham: Tsintar tsutsa da hannu Baba? Sai dai in sa su Ilham 😩

Anti Ladi: Ki ba su ladan alewa, kajinki kuma su samu nama.

Ɗan Yankaba: To kun ji fa. Gidan sauro, katako, tsintar tsutsa, ƙirga kwana. Duk a kan kai ɗaya tal. Ruwan fa? Har yanzu ba wanda ya amsa min.

Musbahu Kurna: Alhaji a nan kam kana da gaskiya, yana shan ruwa. Da iskar hunturu buhu yana bushewa da wuri, kullum sai na ba su, in sun girma wani lokacin safe da yamma. Buhu takwas jarka ɗaya tana yi min kwana ɗaya zuwa biyu. Na rage da rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa. In lissafin kuɗi zalla za a yi, mai sayen ruwa ba lallai ya ci riba ba. Ni dai na san abin da na zuba wa nawa, wanda na saya kuwa ban san da me aka fesa shi ba, ko jiya aka fesa.

Hajiya Turai: Ba za a iya ba shi ruwan wanke-wanke ba?

Malama Hauwa: Ruwan wankin shinkafa, na wankin ganye, na alwala, duk a tara a ba shi. Mai omo da mai maiƙo kuwa a'a, musamman a buhu, gishirinsa taruwa yake ya ƙone jijiya. Babban abin dai kada a yi masa yau ambaliya gobe fari. Ƙasar ta zauna da danshi kullum, ba caɓi ba. Yini biyu na ƙishi a lokacin da yake haɗa kai ya isa ya ɓata aikin wata biyu. Kuma a zuba a gindi, ba a kansa ba.

Tunda an zo nan bari in ƙarasa maganar taki. A ƙasa, a ba da tazarar santimita 45 zuwa 60 tsakanin tushe da tushe. A haɗa ruɓaɓɓen taki da ƙasar sati ɗaya ko biyu kafin dashe. Ɗanyen kashin kaji wuta ne, kada a kusance shi. A dasa da yamma, tsiro mai ganye huɗu ko biyar, da ƙasarsa a jikin jijiya. Bayan kamar sati biyu a sa masa takin zamani na kamfa cikin murfin kwalba, a nesa da kara kaɗan, a binne a ba da ruwa. A ƙara bayan sati uku. Da an ga kai ya leƙo a tsaya.

Anti Ladi: Ba wanda ya yi maganar ɗaure ganye, alhali rawayar da ta ce ta gani daga nan take. Rana ce ke rina shi. Da kin leƙa kin ga kan ya kai girman ƙwai, sai ki tattaro manyan ganye uku ko huɗu ki haɗe su a sama ki ɗaure da tsumma, sakwa-sakwa, don ya samu wurin girma iska kuma ta shiga. Mamata ba ta ma ɗaurewa, ganye ɗaya take karyawa ta kifa a kai kamar hula. A Kano ma abin ya fi zama dole saboda ƙurar hunturu, in ta shige tsakanin kan ba ta wankuwa da daɗi. Kada ki ɗaure yana jiƙe, ruɓewa zai yi. Daga nan ki riƙa leƙawa duk bayan kwana biyu, don cikin sati ɗaya zuwa biyu yake cika. In kin taɓa kin ji shi tauri a cure, ki yanka, ko bai kai girman na kasuwa ba. Masu cewa bari ya ƙara kwana uku su ne ke tarar da shi ya buɗe.

Hajiya Turai: Wanda na taɓa saya na tarar cikin karan rami ne, ya yi ruwan ƙasa. Tsutsa ce?

Malama Hauwa: Yawanci ƙarancin wani sinadari ne a ƙasa da ake kira boron, ko kuma girma da gaggawa saboda yawan yuriya. Mai zuba takin gargajiya isasshe bai cika gamuwa da shi ba. Kada dai wani ya ji haka ya je ya sayo sinadarin ya zuba da ka, tsakanin isarsa da gubarsa tazara kaɗan ce.

Baba Mai Lambu: Baba ya ce ƙarshen nasa, kada ta sake dasawa a gurbin bara, ta sa albasa ko wake a wurin, ta matsa gaba. Kuma ganyen da ta bai wa awaki, da ta san ana cinsa da ba ta yi ba. Masu taushin a yanka a tafasa a yi kwaɗo da ƙuli, ko a zuba a fate.

Maman Ilham: Kai, Baba ya fama min ciwo. Buhu guda na ganye fa na kwasar musu! To na rubuta: gobe in Allah ya kai mu zan aika a nemo iri na fakiti mai jure zafi, kashi na farko ranar Asabar a kofuna, na biyu bayan sati biyu. Gidan sauro akwai tsoho. Wajen tankin ruwa zan koma da su, bayan ɗakin girkin albasa za ta gaje shi.

Ɗan Yankaba: Allah ya ba da sa'a Hajiya. Ni dai gani ya kori ji. In Janairu ta yi ki ɗora mana hoto, ki ajiye faranti a gefe mu ga girmansa. In ya kai na Jos ni zan fara saye, kuɗi hannu.

Maman Ilham: Ba na sayarwa ba ne Alhaji, amma za a aiko maka da kwaɗon ganyen. Anti Ladi, zurfin nawa ake binne ƙwayar a kofi?

Anti Ladi: Rabin gaɓar yatsa, kamar santimita ɗaya. Biyu a kowane kofi, in duk sun fito ki cire raunannen. Cikin kwana huɗu zuwa bakwai za ki ga sun tsiro.